Me yaranku suke koyowa a sakandare, ban da abin da za su zuba a takardar jarrabawa?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Ina da yara biyu a sakandare, macen tana aji biyar ɓangaren kimiyya, namijin yana aji biyu a ƙaramar sakandare. Kullum jaka kamar ta yage don nauyin littattafai, amma in na ce me aka koya muku yau, amsar ba ta wuce "an ba mu rubutu mun kwafa." Iyaye da malamai da ɗalibai, kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa: wane darasi ne ya biyo yaro har gida ya yi amfani, wanne ne ya tsaya a takarda? Don Allah kada a kama sunan makaranta.

Yayar Amarya: Wa alaikumus salam Hajiya. Mu Bayoloji ne ya shigo mana gida, kuma da ƙarfinsa ya shigo. Ƙanwarmu ta uku tana ajin ƙarshe aka koya musu gadon halitta, da ɗan akwatin nan mai gida huɗu da ake zanawa. A lokacin ana maganar auren yayarta, ita AS, saurayin ma AS. Manya suka ce ai ɗaya ne cikin huɗu, in an haifi mai sikila ɗaya sauran ukun sun tsira. Yarinyar nan ta ɗauko biro ta zana akwatin a bayan kalanda, ta ce ba haka lissafin yake ba. Kowane ciki da nasa rabon, sabo fil, kashi 25 cikin 100. Ana iya haihuwar huɗu duk lafiya, ana iya jera uku duk SS. Baffanmu ya ce yaushe aka haife ta da za ta koya wa manya aure. Amma Umma ta riƙe maganar, ta je asibiti ta tambaya, aka maimaita mata abin da yarinyar ta faɗa. Ba zan shiga yadda aka ƙare ba, maganar gida ce. A Kano dai tun 2024 doka ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure, har da na sikila, to gara yaro ya san ma'anar takardar da za a miƙa masa.

Malamin Kemistiri: Madalla da wannan yarinya. Ni bari in faɗi ɓangaren da ba daɗin ji. A makarantar da nake koyarwa akwai ɗakin gwaje-gwaje, har da allo a ƙofa, amma famfunan ciki ba su taɓa kawo ruwa ba tun zuwana. Gwajin nan na ɗiga asid a kan alkali har launi ya juya daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan lemo, a allo nake zana shi tun aji biyar. Yara suna haddace cewa ana auna santimita kubik 25 a kwalba, ana ɗiga alamar launi, ana maimaitawa har awo ya daidaita. Ba sa taɓa kayan da hannunsu sai WAEC ta aiko da jerin abin da za a tanada, shugaban makaranta ya nemo kuɗi, a yi mako guda ana gudu. Ranar jarrabawa sai ka ga yaro mai ƙoƙari hannunsa na rawa, ya wuce wurin tsayawa, ruwan ya yi ja. Ya san amsar a ka, bai san ta a yatsa ba.

Abin da na koma yi shi ne zoɓo. In ka jiƙa shi ka tace, ka ɗiga lemon tsami, jan zai ƙara haske. Ka zuba ruwan kanwa, sai ya koma duhu mai kore-kore. Darasin asid da alkali ke nan, kuma kowace yarinya a ajin ta taɓa ganin kanwa ta sauya launin miya. Ranar da muka yi shi har masu barcin bayan aji sun taso.

Ɗan Kasuwar Kwari: Malam, ina girmama ka, amma ku daina raina hadda. Ni uba ne, ni ke biyan kuɗin WAEC da NECO da JAMB. Jami'a ba ta tambayar ko yaro ya san launin zoɓo. Kiredit biyar take nema, ciki har da Turanci, da Lissafi a yawancin fannoni, sannan maki a JAMB cikin 400. Ɗana na fari tsofaffin tambayoyin jarrabawa ya rungume, ya ci, yanzu yana karatun akanta. Fahimta ta same shi a can.

Malamin Kemistiri: Alhaji, ba na faɗa da hadda, ni ma da ita na san jadawalin sinadarai. Amma wanda ya gani da ido ya fi daɗewa da abin a ka, ko don jarrabawar ma.

Manomi Daga Giwa: Ni ban yi boko mai nisa ba. Yarona yana ɗaukar darasin aikin gona, kuma da farko dariya nake masa, don malamin nasu ban ga alamar ya taɓa riƙe fartanya ba. Bara muna shirin sayen taki ya karanta min lambobin da ke jikin buhu. Ya ce 15-15-15 ɗin nan na kamfa yana nufin sinadari uku ne, kowanne kashi 15 cikin 100, shi kuwa yuriya sinadarin ganye ne zalla, kashi 46. Wato a buhu mai kilo 50, yuriya na ɗauke da kilo 23 na abin da masara ke sha ta yi kore, kamfa kuwa kilo bakwai da rabi. Na daɗe da sanin kamfa ake fara sawa sannan yuriya ya biyo baya, amma dalilin sai a bakinsa na ji. Ya tuge wake ya nuna min ƙululun da ke jikin saiwa, ya ce su ke tara wa ƙasa abinci daga iska. Na ce to kakanka da ke haɗa gero da wake a kunya ɗaya wa ya koya masa? Ya ce ai shi ya sa littafin ya yarda da kaka.

Ɗaliba Aji Shida: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Darussa tara nake ɗauka, kuma kowane malami yana shigowa ne kamar nasa kaɗai muke yi. A darasin Gwamnati mun haddace haɗewar Kudu da Arewa a 1914, tsarin mulkin Clifford 1922, Richards 1946, Macpherson 1951, Lyttelton 1954. Zan iya jero su ko daga barci aka tashe ni. Amma sai da wani malami mai bautar ƙasa ya zo ya tambaye mu me ya sa aka yi ta sauya su cikin 'yan shekaru, sannan muka gane babu wanda ya sani a ajin. Shi ya bayyana mana rigimar yankuna uku da yadda aka kai ga tarayya. Tarihin garinmu kuwa ban taɓa yin sa a aji ba. Sarki Muhammadu Rumfa da kasuwar Kurmi a bakin kakata na ji su.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, ba laifinki ba ne. An cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare sama da shekara goma, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin darasin zamantakewa. Sai a 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da dawo da shi, kuma sanarwa daban, samun malamin da ya karanci fannin daban. Na ga ɗalibin da ya san shekarar da aka haɗe Najeriya amma bai san jihadin Shehu Ɗan Fodiyo na 1804 ba, bai san Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903 ba.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga 'yan uwa na ƙetaren iyaka. Mu a Nijar kolej shekara huɗu ce, a yi BEPC, sannan lise shekara uku a yi BAK. Maki a kan 20 ake ba mu, mai 10 ya tsallake. A lise ake rabuwa: A masu adabi, C masu lissafi da fizik, D masu ilimin halittu. Abin da ban ji kun ambata ba shi ne Falsafa. A ajin ƙarshe mushe, wato malami, zai rubuta tambaya guda a allo, misali ko doka da adalci abu ɗaya ne, ka cika shafuka kana kawo hujja, ka rushe ta da kanka, sannan ka fitar da matsaya. Ƙanena ya addabi gida da gardama a shekarar, har Baba ya hana shi magana a kan tabarmar cin tuwo. Tarihi kuma mun yi namu: Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899, da yaƙin Kawusan a Agadas a 1916. Wahalarmu harshe ce. Yaro ya tashi da Hausa, komai kuma da Faransanci ake ba shi, sai ya yi fama da jimla kafin ya kai ga lissafin da ke cikinta.

Baba Na Zongo: A Gana, a tsohuwar manhaja, darussa huɗu ne dole ga kowa a babbar sakandare: Turanci, Lissafi, Kimiyya a dunƙule, da zamantakewa. Jikata ce ta gaya min layin da ake auna agogon duniya da shi ta Tema ya ratsa, shi ya sa kuke gabanmu da awa ɗaya.

Malamin Islamiyya: Baba ka tuna min. Da azumi wani ɗalibina ya tambaye ni me ya sa Maiduguri ke shan ruwa kafin Sakkwato alhali agogonsu ɗaya. Ɗan ajinsu mai yin Labarin Ƙasa ya karɓe: duniya na juya digiri 15 a awa guda, wato minti huɗu kowane digiri, tsakanin garuruwan biyu kuma kusan digiri takwas ne, ka ga wajen rabin awa ke nan. Na ce ya zo gaba ya maimaita.

Ni kuma inda nake kama su shi ne rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya: mata sumuni, uwa sudusi. Ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida. Sai in ce a fitar da asalin mas'ala, su yi tsuru-tsuru, alhali tun ƙaramar sakandare aka koya musu nemo ƙaramar lambar da takwas da shida za su raba ba saura. Da na ce abin nan ne na ajin Lissafi, nan take suka ce 24: mata uku, uwa huɗu, 17 na 'ya'ya. Ilimin yana nan a kansu, sai dai an ajiye na boko a ɗaki ɗaya, na addini a wani, ba wanda ya nuna musu ƙofar da ke tsakani.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. Jiya na sa babbar ta yi min gwajin zoɓo a kicin, ya yi, sai dai ta ƙarar min da kanwa. Wata tambayar kuma: an ce sabuwar manhajar 2025 ta rage yawan darussa, ta kawo sana'o'i irin su haɗa sola, ɗinki da gyaran waya. Akwai wanda aka fara wa yaransa?

Malamin Kemistiri: Hajiya, mu an sa sola a jadawalin mako, an ba malamin Fiziks. Har yanzu allon sola ɗaya ba a kawo ba, na gidansa yake kwancowa ya ɗora a babur ranar Laraba.

Ɗan Kasuwar Kwari: To shi wannan za a yi shi a WAEC ne, ko in bar yaron ya ci gaba da zuwa shagon mai gyaran waya ranar Asabar?