Ɗana ya ƙi riƙe cokali, sa riga kuma sai an yi tsere

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana wata 22 gare shi. Idan na miƙa masa cokali sai ya jujjuya shi ya wurgar, ya buɗe baki yana jira in ba shi. Da ya ga riga a hannuna kuwa, ya ruga bayan kujera ke nan. Ina da juna biyu, ina so kafin in haihu ya fara taimakon kansa, amma ba na son tsawa da kuka. Don Allah ku ba ni shawara.

Maman 'yan biyu: Wa alaikumus salam, Allah ya sauke ki lafiya. Ki ɗauko cokali biyu, ɗaya naki ɗaya nasa. Ki ɗebo abinci a nasan ki jingina a bakin kwano, shi ya kai baki. Mai kauri ya fi, wanda ba ya zubewa ko ya kifa cokalin. Ni 'yar tsana nake zaunar musu a gefe, su ba ta loma su ci loma. Ranar da ƙaramin ya fara kai cokali baki da kansa, rabin abincin a kumatu ya tsaya, amma tafin da ya yi wa kansa har yau ina tunawa. Ki shimfiɗa leda a ƙasa, ki kawar da kai daga ɓarnar.

Malamar yara: Maman yaro, tuɓe kaya ya fi sa kaya sauƙi, shi yara ke fara iyawa. Ki zare masa safa zuwa tsakiyar ƙafa, shi ya fizge. Wando ma ki sa masa har gwiwa ya ja ya ƙarasa. In ya iya, sai ki tsaya a idon sawu. Wajen riga, idan kansa ya shige ki ce "Ina yaron nan ya tafi?", ya leƙo ki ce "Ga shi!" Maɓalli sai wajen shekara 3, ɗaurin igiyar takalmi kuwa 5 ko 6, kada ki matsa masa.

Kakar yara: 'Yata, a wurin wanka ki ba shi kofi biyu ya riƙa juye ruwa, hannunsa zai saba. Amma kada ki ba shi ƙananan maɓallai ya yi wasa, baki zai kai. Inabi ki tsaga shi a tsaye gida huɗu, kuma a zaune zai ci, kina kusa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da safe fa, ina sauri?

Malamar yara: Da safe ki shirya shi da kanki. Wasan ki bar shi sai bayan wankan yamma. Ki ɗaga riga biyu ki ce "Ja ko shuɗiya?", wadda ya nuna ita zai sa.