Neman shawara: lambar sojan Jamus a adakar kakanmu

Jikan Soja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan rasuwar mahaifinmu muka buɗe wata tsohuwar adaka, muka tarar da lambobi biyu a ƙulle cikin tsumma. Ɗaya zagayayya ce mai kan Sarkin Ingila, bayanta mutum a kan doki. Ɗayar baƙin gicciye ne mai farin baki, da kambi a sama, harafin W a tsakiya, 1914 a ƙasa. A bayansa akwai ganye da 1813. A gida ana cewa kakan Baba ya yi yaƙin Jamus, ya samo gicciyen a wajen wani Bajamushe a Garwa ta Kamaru. Akwai hanyar da zan gano sunan Bajamushen? In yana da jikoki ina son mayar musu.

Malam na Yola: Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. Wannan shi ne Gicciyen Ƙarfe, W ɗin Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ne, 1813 kuma shekarar da aka ƙirƙiro lambar. In da zobe a samansa na zura ƙyalle, mai daraja ta biyu ne, kuma an raba irinsa kusan miliyan 5 a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ɗana, ba zan ɓoye maka ba: Jamusawa ba sa buga suna ko lambar soja a jikinsa. Sunan yana kan takardar shaidar da ake haɗawa da shi. 'Yan haruffan da za ka iya gani a zoben na maƙerin ne, kada ka ɗauka mai ita ne. In babu takarda, gicciyen shi kaɗai kurma ne.

Jikan Soja: Malam, ofishin sojan Jamus fa? Ai ba za su rasa rajista ba.

Malam na Yola: Da akwai. Ma'adanar takardun sojan Farushiya, babbar jihar Jamus ta lokacin, da ke Potsdam ta ƙone a harin jiragen sama na Afrilun 1945. Na Bavariya sun tsira a Munich, takardun ofishin mulkin mallaka suna Berlin, na soja da suka rage suna Freiburg. Amma duk da suna ake shiga a nema. Kai kuwa sunan ne ba ka da shi.

Ɗan Kasuwa: Kai dai ka ɓoye abinka. Masu yawon neman tsohon dutsen guga da keken ɗinki na Jamus za su zo maka da tatsuniyar miliyoyi, su ce kawo kuɗin gwaji. Kuma don Allah kada ka goge shi da toka ko lemun tsami.

Hajiya Mai Tarihi: Ni ina ganin kun bar jaki kuna dukan taiki. Lambar Ingilan ita ce mai magana. Ɗauko ta ka juya gefenta, wato kaurin bakinta, a hasken rana. Turawan Ingila suna buga lambar soja, muƙami, suna da runduna a wurin. Da wannan za ka nemi katin lambobinsa a ma'adanar Kew ta Landan, ka kuma leƙa ta Kaduna. In ka san rundunarsa, ka san inda aka kai su.

Kuma ina da ja kan labarin Garwa. Gaskiya ne sojojin Najeriya sun kai hari can a Agustan 1914 aka kora su, sai a Yunin 1915 garin ya faɗi, Mora kuwa Kyaftin von Raben na Jamus ya riƙe dutsen har Fabrairun 1916. To amma tun Satumban 1914 Duwala ta fita hannun Jamusawa, hanyar teku ta toshe musu. Ta ina sabuwar lambar 1914 za ta iso Garwa cikin sauƙi? A ƙarshen 1916 an kwashi rundunar Najeriya zuwa Gabashin Afirka su yaƙi Lettow-Vorbeck, kwamandan Jamusawa a can, ko can kakan naku ya samo, ko ma ya saya daga baya. Labarin gida yakan haɗe yaƙi biyu ya zama ɗaya.

Wani abu kuma: ka tabbata tun farko ɓangaren Ingila yake? 'Yan ƙasarmu da yawa sun yi wa Jamus soja. Chari Maigumeri, wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa, da Jamusawa ya fara kafin ya koma rundunar Najeriya.

Ɗan Kasuwa: Ka kanga wa gicciyen maganaɗisu ma. Tsakiyar na asali baƙin ƙarfe ne, zai kama.

Jikan Soja: Na gode ƙwarai. Maganaɗisu ya kama. Hajiya, na duba gefen, wallahi ga lamba da sunansa nan, sun rubuta shi a karkace irin na Bature. Shekara nawa tana gidanmu ba wanda ya taɓa juya ta. Gwaggonmu ta ce akwai wasu takardu a jakar layunsa da aka kai wa ƙanin Baba a ƙauye. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan je.