Helikwaftan rimot da bindigar iska ta harbin saiti: da wanne zan fara?

Abban Walid, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin abin nan ku bani shawara. Na daɗe ina kallon masu tuƙa ƙananan jirage masu saukar ungulu na rimot a YouTube, irin wanda zaka ga mutum ya kifar da jirgin yana shawagi farfelarsa na kallon ƙasa, wallahi abin yana burge ni ba kaɗan ba kuma yarona Walid shima ya kamu da son abin, kullum sai ya tambaye ni yaushe zamu sayi namu. Na ɗan tara wani abu yanzu ina so in fara, amma dana shiga AliExpress sai kaina ya kulle, wannan mai canel uku wancan huɗu wancan shida, ga wani ana ce masa 450 wani 700.

Na biyu kuma ina sha'awar harbin saiti da bindigar iska, wadda ake sa mata 'yar ƙwayar dalma a harbi takarda ko gwangwani, ba farauta ba, nishaɗi kawai a gonarmu ranar Lahadi. Wani abokina mai zuwa Dubai yace zai iya sako min ita a cikin kaya. Toh da wanne ya kamata in fara, kuma me zan saya da ba zan yi asarar kuɗina ba? Nagode.

Injiniya Bash, Kaduna

Wa alaikumus salam Abban Walid, barka da shigowa harkar. Ni bangaren jirgi zan yi magana.

Farko dai canel yana nufin yawan umarnin da rimot yake iya aika wa jirgi, wanda ka gani yana kifewa ɗin nan shi ne mai canel shida, fukafukansa suna canza kwana yayin da suke juyawa, shi yasa yake iya tura iska sama ko ƙasa yadda matuƙi yaso. Mai canel uku irin su Syma S107 kayan wasan falo ne, farfela biyu gare shi ɗaya kan ɗaya kuma rimot ɗinsa irin na talabijin ne mai aiki da haske, kana fita dashi rana zai daina jin magana. Ba laifi ka saya wa Walid ya ɗan yi wasa amma ba zai koya maka tuƙi ba. Mai canel huɗu irin WLtoys V911S yafi shi, fukafukansa a kafe suke, gudun injin ne yake ɗaga shi ko ya sauke shi. Lambobin 450 da 700 ɗin kuma girma ne, misali T-Rex 450 na kamfanin Align na Taiwan tsawon fiffikensa ɗaya milimita 325 ne, shi kuwa 700 fiffike ɗaya ya kai kusan santimita 70 kuma yana zagaye wajen dubu biyu a minti. Wannan ba abin wasa bane sam, a 2013 a birnin New York wani matashi ɗan shekara 19 wanda ya ƙware ma a tuƙin, jirginsa ya sare shi a ka ya rasu nan take. Don haka dan Allah ka cire babba daga lissafinka tukuna, musamman da yaro a gefenka.

Abin da zan ce ka fara saya ba jirgi bane, rimot ne mai kyau da manhajar koyon tuƙi a kwamfuta. Ka samu irin Radiomaster ka jona shi da laftof da wayar USB, ka sauke Heli-X ko RealFlight, kullum bayan isha'i ka ɗan zauna kayi ta faɗuwa a can inda faɗuwa kyauta ce. Hannun hagu shi ne hawa da sauka da juya wutsiya, na dama shi ne gaba da baya da gefe da gefe, kuma duka huɗun a lokaci ɗaya kake taɓa su, babu lokacin da zaka saki sandar rimot ka huta kamar yadda masu duron (drone) suke yi, kamar dai ka tsayar da muciya a tafin hannu ne, kana daina gyarawa ta tafi. Ka fara da wutsiya tana kallonka har sai ka iya tsayar dashi wuri ɗaya batir ya ƙare, sannan gefe, sannan hancinsa yana kallonka, nan ne hagu take komawa dama kuma nan ne yawancin mutane suke fasa jirginsu.

In hannunka ya faɗa sai ka sayi ƙaramin mai canel shida, XK K110 shi nake ba kowa shawara, ɗan mitsitsi ne mara nauyi in ya faɗi a ciyawa sau da yawa sai dai ka karkaɗe shi ka sake tashi, yana da yanayin da yake daidaita kansa don ɗan koyo da kuma wanda zai baka damar kifewa in ka gwanance. In aljihu da nauyi OMP M2 yafi shi nisa, injinsa kai tsaye yake juya farfela babu giya a tsakani balle haƙoranta su zube. Kuma duk wanda zaka saya ka haɗa odar da kayan gyara tun farko, fukafukai, babbar giya, sandar tsakiya, ɗan ƙarfen da yake riƙe fukafukan biyu, injin wutsiya, ƙafafu. Ba a samun su a kasuwa a nan, abu ɗan ƙarami zai karye ka zauna makonni kana jiran saƙo, sha'awar ma ta fita daga ranka.

Wani abu da zaka gani ranar farko kada ya tsorata ka, yana fara ɗagawa zai zame hagu. Ba lalacewa yayi ba, farfelar wutsiya ce take tura shi gefe tunda aikinta hana jikin jirgin juyawa. Kada ka tsaya kana jan ƙafa a ƙasa, ka ɗaga shi ya kai kamar ƙugunka, can iskar tafi lafawa. Kuma ka saba da makunnin kashe inji, da zarar ka ga faɗuwa ta tabbata ka buga shi kafin ya taɓa ƙasa, barnar tana raguwa sosai.

Barista Fati, Abuja

Malam Abban Walid dan girman Allah ka dakatar da abokin nan naka kada ya sako bindigar nan a kaya. Mutane da yawa suna ɗauka tunda iska ce ba albarushi ba to kayan wasa ce, amma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta lissafa bindigar iska a sahu ɗaya da bindigar farauta, sai da lasisi daga Sufeto Janar na 'yan sanda ake mallakarta, shigo da ita ma sai da izini. In kwastam suka buɗe jaka a filin jirgi suka ganta shi zasu fara riƙewa kafin kai. Sannan ka duba halin da ake ciki a Arewa yanzu, mutum a gona da abu mai kama da bindiga da madubin hange a kai, ɗan sintiri ko jami'in da ya hango ka daga nesa ba zai tsaya tambayar iska ce ko wuta ba. Ina faɗa ne don ina tausayin iyalinka wallahi.

Dr. Nura, Birmingham

Maganar Barista gaskiya ce ka riƙe ta. Ni ina harbin amma a nan Ingila nake yi a kulob, kuma ko nan ɗin akwai iyaka, a Ingila da Wales bindigar iskar da ƙarfinta bai wuce kusan jul 16 ba (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne) ita ce babba zai saya ba lasisi, a Scotland kuwa tun ƙarshen 2016 sai da takarda, a Jamus iyakar jul 7.5 ce.

Bari dai in baka bayanin kayan ko Allah zai sa ka samu hanyar da doka ta yarda. Iri uku ne aka fi sani. Akwai mai sifirin wadda ake karya bakinta a ɗana, irin na Weihrauch da Diana na Jamus ko Gamo na Sifen ko Hatsan na Turkiyya, ita bata buƙatar komai sai ƙwaya amma tana da wuyar saiti saboda tana girgiza gaba da baya kafin ƙwayar ta fita, dole ka riƙe ta sako-sako ka ɗora ta a tafin hannu kada ka damƙe, kuma wannan girgizar tana kashe madubin hangen da ba don ita aka yi shi ba. Akwai mai tankin iska da ake cikawa da famfo har matsin iskar ya kai wajen bar 200 a ma'auni, ita kusan bata girgiza in an harba amma tsada. Sai mai ɗan kwalbar gas. Ƙwaya kuma ko milimita 4.5 ko 5.5, ta harbin takarda 4.5 ce mai shafaffen kai don ta huda rami tsaf a iya ƙirga maki.

Abin da ya riƙe ni a wasan nan natsuwa ce. A gasar Olamfik tazarar mita 10 ce kawai, harbi 60, amma tsakiyar da ake nema ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. Kana tsaye zaka ga bakin bindigar yana rawa da bugun zuciyarka, sai ka saki rabin numfashi ka tsaya, ka matsa kunamar a hankali har ta tashi ba tare da ka fizge ta ba. Ranar da na je da damuwar aiki a kaina takardar take fara nuna min. A kulob ɗinmu kafin su bari ka taɓa komai sai sun koya maka cewa kowace bindiga a ɗane take ko da kai ka sauke ta da hannunka, baki baya kallon mutum, yatsa baya shiga sai ka shirya, ga tabarau dole, ga akwatin ƙarfe a bayan takarda mai kama dalmar, kuma a wanke hannu kafin a ci abinci tunda dalma guba ce musamman ga yara. Gwangwanin da ka ambata, in a kan katanga aka ɗora shi, shi ne yafi haɗari don ƙwaya tana dawowa in ta bugi abu mai tauri.

Baba Ɗanjuma, Zariya

Ɗana in saiti kake so ka koya wa yaro ai ba sai an je Dubai ba. Mu da gwafa da danƙo muka tashi, kuma har yanzu akwai masu baka da kibiya a ƙauyukanmu da zasu sassaƙa maka ɗan daidai hannun yaro. Ka cika buhu da ƙaiƙayi ka jingina a inda babu hanyar mutane ko dabbobi a bayansa, ka zana da'ira da gawayi. Numfashin nan da Likita yake faɗa duk yana ciki. Allah ya raya Walid.

Abban Walid, Kano

Amin Baba nagode ƙwarai. Barista Allah ya saka da alheri, na kira shi yanzun nan nace ya bar maganar bindiga gaba ɗaya. Likita bayaninka ya ƙara min son abin amma zan haƙura har a samu hanya mai tsafta, kafin nan zamu gwada bakan Baba. Injiniya na tsaya a kan rimot da K110 ɗin, saura tambaya biyu, batir nawa zan haɗa kuma shi jirgin babu matsalar hukuma a kansa?

Injiniya Bash, Kaduna

Batir ka sayi kamar biyar ko shida don kowanne minti biyar ne zuwa shida ya ƙare, kuma ka bar injin ya huce tsakanin tashi da tashi. Irin LiPo ne, kowane sel ɗaya na batirin idan ya cika bolt 4.2 ne, kada ka tsotse shi har jirgi ya kasa tashi, kana jin ƙarfi ya fara raguwa ka sauka, in kuma zaka ajiye shi kwanaki ka barshi wajen 3.8 ba a cike ba. Zafin Kano shi ne babban makiyinsa, kada ka barshi a mota a rufe da rana, kada ka sa caji ka tafi masallaci ko ka kwanta, ka ɗora shi a kan siminti ko cikin tukunyar ƙasa nesa da katifa da labule, da 'yar robar yashi a kusa. Duk wanda ya kumbura ya gama aiki, kada Walid ya matsa shi ko ya huda shi don wuta yake kamawa. Tunda wutar NEPA sai a hankali, cajar K110 ta USB ce fawa bank ma ya isa.

Maganar hukuma kuma akwai ta. Tun 2016 hukumar NCAA ta ce ba a tashin jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a farkon 2025 sojoji sun hana tashin duron a Borno da Yobe da Adamawa. Ɗan K110 ba kyamara gare shi ba kuma bai kai nauyin wayar hannunka ba, a tsakar gida ma zaka iya koyon tsayawa dashi, amma ranar da zaka koma babba ka fara neman bayani a NCAA kafin kayi oda. Ko da ƙaramin ne kada ka kusanci filin jirgin Malam Aminu Kano ko bariki ko gidan gwamnati, in a gona ne ka sanar da mai unguwa da maƙwabta su san abin da kake yi.

Lokacin tashi kuma da sassafe bayan asuba ko dab da magariba sanda iska ta kwanta, a hunturu ka shimfiɗa tabarma ko kwali ka tashi a kai don ƙurar tana shiga injin wutsiya ta cinye shi da wuri, ka riƙa share shi da busasshen burushi bayan kowane tashi. Walid ya tsaya a bayanka ba a gefe ba, kuma kafin ka jona batir ko da yaushe rimot ake fara kunnawa, sandar hagu tana can ƙasa. In kayan sun iso ka ɗauko hoton rimot ɗin in nuna maka yadda zaka haɗa su.