Abin da muka tsinta daga hirar hawan jini

'Yan uwa, hirar ta yi tsawo, shi ya sa na tattaro muhimman abubuwan da aka faɗa.

1. Gado: kusan kowa ya yarda cewa wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da hawan jini ya fi kusa da kamuwa. Shawarar ita ce a riƙa awo tun ana jin ƙalau, domin cutar ba ta cika nuna alama ba. Idan awo ya yi ta kaiwa 140/90, a ga likita.

2. Gishiri: nan aka fi daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Wata 'yar uwa ta tuna mana cewa dunƙulen magi ma gishiri ne: a jefa uku a miyar kuka, a ƙara gishiri, sannan a barbaɗa yaji a kai. Wallahi wannan ta taɓa ni, haka tukunyar gidanmu take.

3. Ƙiba: an yarda tumbi ba alamar hutu ba ne kawai, rage ko kilo kaɗan na sauke jini. An kuma ja kunnen mata masu shan ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe, suna iya tayar da jini.

4. Inda aka rabu: zoɓo da tafarnuwa. Wasu sun ce sun ga amfaninsu, wasu sun ce zoɓon da aka cika wa sukari ya ɓata lissafi. Amma ba wanda ya goyi bayan a ajiye maganin asibiti saboda su.