Dutse da tsakuwa, wanne zai riga taɓa ƙasa?

Kawu: Jama'a, akwai maganar da ta tsaya min a rai. Yarona ya dawo daga makaranta yana cewa wai in aka saki ƙaton dutse da 'yar tsakuwa daga sama, tare za su sauka. Ban yarda ba. Na saki makulli da takarda a gabansa, makullin ya daɗe a ƙasa takardar tana ta lilo. Abin da ido ya gani ai ba a musu.

Auta: Kawu, dunƙule takardar nan ka sake saki. Nauyinta bai canja ba, amma za ka ga bambanci.

Kawu: Na dunƙule, kuma gaskiya sun kusa zuwa tare. Amma hankalina bai kwanta ba. Ƙasa ta fi jan abu mai nauyi, hannuna ma shaida ne. To yaya wanda aka fi ja ba zai riga ba?

Malam: Tambayarka tana kan hanya, Kawu. Ƙasa ta fi jan dutsen, babu ja. Sai dai shi ma ya fi wuyar motsawa. Ka tuna yadda ake tura mota da yadda ake tura keke. Dutsen kilo 10 ana jansa da ƙarfi ninki goma na mai kilo 1, amma kuma ƙarfi ninki goma yake buƙata kafin ya ɗauki irin wannan gudun. Sai lissafin ya tashi daidai, kowannensu gudunsa na ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa, a duk daƙiƙar da ta wuce. Wannan ita ce doka ta biyu cikin dokokin motsi na masanin kimiyya Newton, daga littafinsa na 1687.

Anti: Ni hujjar masanin kimiyya Galileo ce ta sauya min ra'ayi, wadda ya kawo a 1638. A ce babban dutse ya fi sauri. Ɗaure shi da ƙarami ka sake su. Ya kamata ƙaramin ya riƙe babban, gudu ya ragu. Amma kuma su biyun a haɗe sun fi babban nauyi, ya kamata gudu ya ƙaru. Magana ɗaya ba za ta ba da amsa biyu masu karo da juna ba. Na yi kwanaki ina juya ta, ban samu mafita ba.

Yaya: Kada a yi wa Kawu taron dangi, yana da gaskiyarsa. A hau bene mai hawa goma da ƙwallon ƙarfe da na roba mara nauyi, girmansu ɗaya. Na ƙarfen ne zai riga. Mu a cikin iska muke rayuwa, dokar da ba ta lissafa iska ba me za ta yi mana?

Malam: Na ƙarfen zai riga, Yaya, na yarda. Iska tana tokare duk abin da ke ratsa ta, kuma tokarewar ta fi tasiri a kan marar nauyi. Amma dokar ba ta manta da iska ba, ƙarfi ce ita ma, ana sa ta a lissafi. Da haka ake ƙera laimar sauka daga jirgi. In kuma ana son ganin aikin jan shi kaɗai, sai a cire iskar. A 1971 ɗan sama jannati David Scott na kumbon Apollo 15 ya tsaya a duniyar wata, inda babu iska, guduma a hannu ɗaya, gashin tsuntsu a ɗaya hannun. Ya sake su, suka taɓa ƙasa tare, kyamara tana ɗauka.

Yaya: To a riƙa faɗa wa yara sharaɗin. A ce musu "in babu iska". Rashin faɗar nan ne ke sa yaro ya gwada a gida, ya ga saɓani, ya daina yarda da malaminsa.

Auta: Kawu, ɗora takardar a shimfiɗe a kan littafin da ya fi ta faɗi, ka sake su tare.

Kawu: Na gwada sau uku yanzu, yaron yana tsaye. Takardar ba ta ko ɗaga ba, manne da littafin ta sauka. Malam, saura ka yi min bayanin abin da ke hana shi watan faɗo mana.