"Kowa ya sayi rariya..." wai har da manhajar kwamfuta?

Baban Ilham: Salamu alaikum jama'a. Jiya na yi cacar baki da yaron da ya sa mini manhajar lissafi a shagona na Kasuwar Barci. Ya zo wai zai sabunta ta, bayan tafiyarsa na buɗe shafin masu bashi, wayam. Bashin wata huɗu. Da na kira shi sai ya ce ai ni da hannuna na danna "na amince", kuma a cikin dogon Turancin nan kamfanin ya ce ba ruwansa da asarar kowa. Ya rufe da cewa, "Alhaji, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Tun jiya maganar ke cina. A nan ake faɗinta?

Bakaniken Kakuri: Sam. Rariya aikinta ke nan, kai kuwa tulu ka biya. A harkar mota wa zai faɗi haka? Jakar iskar nan ta sitiyari da kamfanin Takata ya ƙera, da ta riƙa fashewa tana watsa wa direba ƙarfe a fuska, kiranye aka yi wa miliyoyin motoci aka canza kyauta, kamfanin ya durƙushe a 2017. Toyota ma sai da ya biya dala biliyan 1.2 a Amurka a 2014 saboda ɓoye matsalar totur.

Ɗan Manhaja: Oga, 'yar Kwatanon da kake gyarawa wa ya taɓa yi mata kiranye? Kuma babu manhajar da ba ta da kuskure a duniya, ga wuta tana ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Alhaji, don Allah ka taɓa kwafe lissafin ka ajiye a wani wuri? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Baban Ilham: Au, ni ne daddawar ke nan.

Bakaniken Kakuri: Ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawa ɗaya ta CrowdStrike, kamfanin manhajar tsaron kwamfuta, ta kwantar da kwamfutoci miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Su ma duk daddawa ne? Tarayyar Turai dai ta gaji, a 2024 ta yi dokar da ta sa manhaja cikin jerin kayan da ake ɗora wa maƙerinsu alhakin ɓarnar da suka jawo.

Malam Na Tudun Wada: Ku tuna Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Aibin da aka nuna maka ka yarda, naka ne. Wanda aka binne a shafi na 30, wannan kuma da magana.

Maman Walida: Kun tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Ta sayi tulu a kasuwar ƙauyenmu, ta ƙwanƙwasa shi da zobe kamar yadda ake yi, ta ji ƙarar ba ta fita sosai, mai tukwanen ta rantse mata cewa hayaniyar kasuwa ce. Ashe tsaga ce aka shafe da jar ƙasa. Kafin asuba tsakar ɗaki ya zama fadama, har garin tuwo ya jiƙe. Iya ba ta ce uffan ba. Ranar kasuwa ta gaba ta cika shi da ruwa, ta ɗora a ka, ta je ta tsaya ƙiƙam gaban rumfar matar, ruwa na bin wuyanta har zani. Duk wanda ya ce, "Iya, tulunki na yoyo," sai ta ce, "A'a ɗan nan, rariya ce, ga mai sayarwa nan, tana da saura." Kafin azahar matar ta ba ta sabo, ta ƙara mata da kasko, tana roƙonta ta tafi.

Ɗan Manhaja: Amma Hajiya, ko lafiyayyen tulu ai yana tsattsafo, shi ke sa ruwan sanyi.

Maman Walida: Tsattsafo daban, ambaliya daban, ɗana.

Bakaniken Kakuri: Iya ta fi lauya. Alhaji, ɗauki kwamfutar a ka ka tafi ofishinsu.

Sarkin Zolaya: Ni duk kun bar babbar rariya. Wadda muka zaɓa da ƙullin taliya da turmin atamfa, ga shi ko ɗigo ba ta riƙe mana ba.

Maman Walida: Wannan ai ba mu muka saya ba, mu aka saya.

Sarkin Zolaya: To a yi musu kiranye irin na Toyota mana. Ko da yake tasu matsalar ba totur ba ce, birki ne babu.

Malam Na Tudun Wada: A dai yi hattara da harshe. Ni a wurin mahaifina ma, in zai aurar da 'ya ga wanda aka san halinsa yake faɗin karin maganar nan, ba a ciniki ba.

Baban Ilham: Yanzu wani mai bashina ya wuce ta ƙofar shago, ya gaishe ni da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Wa ya kai masa labari a cikinku?