Turancin Baki ko Turancin Littafi: Shawarwari ga Malamin da Zai Koyar da Yara a Maraɗi

Malam Nasiru (Ƙofar Marusa): Assalamu alaikum, iyayena da yayyena malamai. Na sami aikin koyar da Turanci a wata makarantar firamare mai zaman kanta a Maraɗi, kuma yaran da za a ba ni 'yan shekara 7 zuwa 10 ne, Hausa suke yi a gida, Faransanci kuma a aji. Tun da hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a watan Maris na 2025, suka sanya Turanci tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki, sha'awar Turanci ta ƙaru a wajen iyaye. Littafin da aka aiko mini yana koyar da "I do not know" da "How do you do?", alhali abin da ake ji a bakin masu harshen shi ne "I don't know" da "How are you?". Shin in bi littafin yadda yake, ko in koya musu yadda ake magana? Ina neman shawararku, da kuma kayan aikin da kuka gwada kuka ga amfaninsu.

Baba Lawal (tsohon hedimasta, Ƙofar Soro): Wa'alaikumus salam, Nasiru, Allah ya sa albarka a tafiyar. Shawarata ita ce kada ka raina littafi. Yaron da ya san dalilin da ya sa ake cewa "he goes" ba "he go" ba, shi ne zai iya gina jimlar da bai taɓa ji ba, wanda kuwa ya haddace maganganu kawai zai tsaya cak da zarar haddarsa ta ƙare. Sai dai ban yarda cewa nahawu da iya magana abokan gaba ba ne. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta yi suna ne a kan lafazi da karatu a bayyane, kuma daga nan Abubakar Tafawa Balewa ya fito da Turancin da har Turawa suke yabawa. Mutanen wancan zamani sun san ƙa'ida, kuma bakinsu ya faɗa.

Dakta Hadiza (sashen Turanci, Dutsin-Ma): Allah ya ƙara wa Baba lafiya, maganarsa tana kan hanya, amma akwai batun shekaru. Ɗaliban Kwalejin Katsina samari ne da suka riga suka iya karatu da rubutu, yaran Malam Nasiru kuwa wasunsu ba su gama ƙwarewa a karatun Faransancin ba ma. Yaro ɗan shekara 7 ba ya cin moriyar bayani irin na "aikatau yana ɗaukar s idan mai aikatawa tilo ne". Misalin da Baba ya kawo ma shi ne hujjata, domin binciken da Roger Brown ya wallafa a 1973 a kan yaran Amurka masu tasowa da Turanci ya nuna cewa wannan s ɗin ta aikatau tana cikin abubuwan da suke zuwa a makare, bayan sun daɗe da kama "-ing" da jam'in suna. Idan 'ya'yan masu harshen suna jinkiri a kanta, bai kamata a cinye zangon karatu guda ana fama da yaron Maraɗi a kan ta ba.

Stephen Krashen da Tracy Terrell sun fito da tsarinsu a 1983, inda suka ce yaro yana kama harshe ne ta hanyar jin maganar da yake fahimta, wadda ta ɗan ɗara abin da ya sani. Amma kada a tafi da wannan har ƙarshe. A Kanada, tun daga 1965 aka fara koyar da yara masu jin Turanci darussansu da Faransanci zalla, kuma bayan shekaru Merrill Swain ta lura cewa suna fahimta sosai, amma kurakuran nahawu sun zauna daram a maganarsu da rubutunsu. Don haka abin da nake ba ɗalibaina masu zuwa koyarwar gwaji shi ne a fara da jimloli cikakku da ake amfani da su kullum, kamar "Can I have a pencil?" da "Do you like rice?", a maimaita su ana sauya kalma ɗaya ɗaya, sa'an nan idan sun zauna a baki a jawo hankalin yaro ga tsarin da ke cikinsu, a taƙaice.

Malam Sada (Daura): Ni na koyar a Damagaram, kuma abin da zan ƙara shi ne Malam Nasiru ya shirya wa harsuna biyu, ba ɗaya ba. Yaran za su kira ka Mushe, wato "Monsieur" na Faransanci, kada abin ya ba ka mamaki. Faransanci zai taimake ka a wani wuri, domin sun riga sun saba da bambancin p da f, abin da yake wahalar da yaranmu a nan gida har "pen" ta koma "fen". Amma zai ɓata maka aiki a wani wurin: a Faransanci yawanci ba a furta s ta ƙarshen kalma, saboda haka yaro zai rubuta "books" daidai, ya karanta ta "book". Haka kuma za ka ji "I have ten years" idan ka tambayi shekaru, domin haka Faransanci yake gina jimlar. Maganin wannan ba bayani ba ne, a koya musu "I'm ten" a dunƙule, su yi ta tambayar juna. Daga ɓangaren Hausa kuma, sun san bambancin "he" da "she" tun daga "ya" da "ta", abin da ba su da shi shi ne "it", don haka za ka ji an kira tebur "he", mota kuma "she". Tambaya da "do" kuwa babu irinta a Hausa, babu a Faransanci, shi ya sa na goyi bayan Dakta cewa a ba su ita a matsayin jimla guda kafin a farfasa ta.

Baba Lawal: Na ji hujjar Dakta kuma na karɓi rabinta. Ai mu ma a makarantar allo yaro yakan daɗe yana hadda kafin a kai shi ga Ajuruma, littafin nahawun Larabci. Sai dai a tuna cewa mai haddar nan ba ya iya sayen gishiri da Larabci a kasuwa, wato maimaici kaɗai ba ya haifar da magana sai an sa yaro ya nemi wani abu da harshen, ya kuma sami amsa.

Hajiya Binta (Ƙofar Kaura, tana koyarwa a Jidda): Ina gaida Baba da sauran malamai. Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma a ganina shi ne mafi nauyi ga duk wanda ya fita waje. Idan muka ce Turancin baki, bakin wa muke nufi? Abin da kunnenmu ya saba da shi Turancin Nijeriya ne, kuma yana da nasa tsari da mutuncinsa a gida, amma iyayen da suke biyan kuɗin makaranta a wata ƙasa ba shi suka saya ba. "Off the light", da "I want to ease myself", da "I am coming" a lokacin da mutum yake fita, duk a wajenmu magana ce lafiyayya, amma yaron da ya tafi da su Ghana ma wataƙila ya tsira, wanda ya tafi Ingila ko Turkiyya kuwa za a yi ta kallonsa. To ka ga ke nan malamin da ya ajiye littafi ya dogara da kunnensa kaɗai zai iya ba yara abin da ba littafi ba ne, ba kuma maganar masu harshen ba.

Abin da nake yi shi ne duk jimlar da zan sa yara su haddace sai na tabbatar da ita daga majiya. Shafin LearnEnglish Kids na British Council kyauta ne, yana da waƙoƙi da gajerun labarai da murya, kuma kana iya shirya abin da kake buƙata tun kana Katsina saboda matsalar intanet. Haka nan Cambridge suna da jarrabawar yara mai matakai uku, Starters da Movers da Flyers, kuma jerin kalmomin kowane mataki yana nan a shafinsu ba tare da biya ba. Ko yaranka ba za su zauna jarrabawar ba, jerin zai nuna maka abin da ya dace da ɗan shekara 8 da abin da ya kamata a jinkirta. Sa'an nan ka zaɓi ɗaya tsakanin Turancin Ingila da na Amurka ka tsaya a kansa, musamman a rubutu, kada yau "colour" gobe "color".

Malam Nasiru: Na gode ƙwarai, Hajiya, wannan batu bai zo mini a rai ba. To yaya zan yi da gyara idan yaro ya yi kuskure yana tsakar magana? Kuma an gaya mini iyaye suna duba littafin rubutu kowane mako, suna so su ga ƙa'idoji a rubuce.

Dakta Hadiza: Game da gyara, yawancin malamai suna maimaita maganar yaro ne a gyare su wuce, ya ce "He go to market", malam ya ce "Yes, he goes to market". Roy Lyster da Leila Ranta sun bibiyi azuzuwa a Kanada a binciken da suka fitar a 1997, suka ga wannan ita ce hanyar da malamai suka fi amfani da ita, kuma ita ce wadda yara suka fi wucewa ba tare da sun gyara ba, domin sukan ɗauka malam yana tabbatar da maganarsu ne kawai. Abin da ya fi shi ne ka dakata, ka ce "He...?" ka bar yaron ya ƙarasa da kansa. Amma ka yi haka a kan abin da kuke koyo a makon kaɗai, sauran kurakuran ka bar su su wuce, in ba haka ba ajin zai yi tsit. Ga ƙananan kuma ina ba da shawarar hanyar James Asher, inda malam yake ba da umarni kamar "Stand up" da "Touch the door", yara su amsa da jiki kafin a nemi su amsa da baki.

Malam Sada: Batun iyaye kuwa mai sauƙi ne, kuma ba yaudara ba ce. A ƙarshen kowane darasi ka ware minti 10, yara su kwafi jimlolin da suka yi ta faɗa, ka rubuta siga biyu gefe da gefe, "I do not" da "I don't", ka gaya musu da Hausa cewa ta farko ta rubutun hukuma ce da jarrabawa, ta biyu ta hira ce. Za su buƙaci ta farkon nan gaba, domin akwai Turanci a jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare a Nijar. "How do you do?" dai ka karanta musu ita sau ɗaya su san da zamanta, ka wuce.

Baba Lawal: Ka kuma nemi ganin hedimastan tun makon farko, ka nuna masa tsarin zangon a rubuce, da shafukan littafin da kowace jimla take fitowa daga ciki, saboda idan iyaye suka zo da ƙorafi ya san abin da zai ce musu. Hajiya Binta, ki turo masa jerin kalmomin Starters ɗin ya buga a takarda kafin ya kama hanyar Jibiya.

Hajiya Binta: To Baba, zan turo masa bayan Isha'i insha Allahu, tare da na Movers saboda 'yan shekara 10 ɗin.